Akwatin Wuta Ya Cika

Warwick,

Mai gyaran wuta ya zo kana ta sharar barci. Da ya buɗe akwatin wutar gidan sai ya ce, "Madam, ya cika maƙil, ba inda zan ja layin gareji." Ashe gurbin da ka rantse ka bar wa garejin da zai zama ɗakin Babana, kwamin wankanka na ruwan zafi ka ba.

Ran Juma'a za a sallamo shi daga asibiti, kuma injin numfashinsa ba da alkawari yake aiki ba. Dole a kafa ƙaramin akwati a garejin, a binne waya daga gida.

Na tafi wurin Babana. Shebur na bakin ƙofa. Ka haƙa ramin kafin in dawo, ta tsakiyar ciyawar nan taka da ka fi kula da ita a kanmu.

Narelle