Hoton da Ya Riga Gaskiya Isa Gida

Laraba, 14 ga Afrilu, 1926

Ni Kyaftin Hizam, sarkin jiragen wasiƙa tun daga Kardif ta ƙasar Birtaniya har Adan ta ƙasarmu, wanda in ya yi gyaran murya teku ke kwantawa, na buɗe wannan kundi yau, ranar Ƙaramar Sallah. Bayan idi an ɗauke ni hoto: kwat mai maɓallan zinariya, farar hula, hannu a ƙugu. Kayan na mai hoton ne, amma kyaftin ba ya tsayawa dogon bayani.

Kawu Mukbil, tsohon mai zuba wa jirgi kwal da muke kwana ɗaki ɗaya a gidan baƙin Alhaji Sallam, ya duba hoton ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka sauke anga, ga dankali can yana jiran fira." Na zuba masa gishiri a shayi.

Alhamis, 15 ga Afrilu

Na aika wa Yaya Galib hoton can ƙauyenmu. A baya na rubuta, "Ƙaninka ya zama babba, jirage sai yadda ya yi da su." Na samu jakar wasiƙun gabas a gidan waya kafin a rufe. Jirgin ƙasa zai kai ta Marsai ta Faransa, na ruwa ya ɗauka zuwa Adan, mai raƙumi ya hau da ita dutse. Yaya zai yi dariya har ya ƙware. Ya san hali ai.

Alhamis, 6 ga Mayu

Yajin aiki ko'ina. Ba kwal, ba jirgin ƙasa, masinja bai leƙo ba. Maza sun cika gida suna ta karta.

Juma'a, 28 ga Mayu

Amsar Yaya ta iso, a makare, duk ta yamutse. Bai yi dariya ba.

Ya ce an zaga da hoton gida-gida, Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Ya ce bayan Babbar Sallah zai sayar da gonar gahawar da Baba ya bar mana, ya yi guzuri ya taho, tunda aikin jirgi yanzu a hannuna yake.

Na karanta wa mutanen gida, aka kwashe da dariya, ni ma na taya. Kawu kaɗai bai yi dariya ba. Daga baya ya ce, "Ɗan nan, gona ba ta dawowa fa. Rubuta masa yau."

Akwai lokaci.

Talata, 1 ga Yuni

Na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. Ta ina zan fara? Allon malam bai koya mini irin wannan rubutun ba.

Alhamis, 3 ga Yuni

Na kai takardar gidan waya da hantsi. Mai kanta, ma'aikacin da ke karɓar wasiƙu, ya nuna mini sanarwa a bango da Turanci, sai ka ce ina karantawa. Wai saboda ƙarancin kwal an rage jiragen ƙasa, jakar gabas yanzu Laraba ake rufe ta. Ta tafi jiya.

"Tun yaushe?"

"Tun makon jiya, yaro. Sai wata Larabar."

Jiya ina kicin ina ɗaure wa Kawu igiyar takalmansa da juna.

Juma'a, 4 ga Yuni

Inna Olwen, matar Alhaji, ta ce in buga wayar tangaraho, za ta ara mini kuɗin. "Kai shaƙiyyi, kalma nawa ce? Kada ka sayar, ƙarya nake. Shi ke nan!"

Amma wayar ba ta hawa dutse. Shagon ɗan kasuwa Ba Hashwan take sauka a Adan, shi kuwa da ƙarfi yake karanta wa duk wanda ke zaune, kafin ya ba mai raƙumi. Duk 'yan garinmu a can suke shan shayi. Na ce mata takarda za ta isa. Na lissafa, in komai ya tafi daidai za ta riga Sallah.

Laraba, 9 ga Yuni

Ta shiga jaka. Na tsaya har na ga an ɗaure bakinta.

Talata, 15 ga Yuni

Wani Basomale da ya sauka daga Marsai ya ce jirgin wasiƙar bai tashi a ranarsa ba, ya tsaya jiran jakunkunan da suka makale a hanya. In ya rasa layinsa a mashigin Suwes kuma sai ya bi bayan wasu. Na ce ƙarya yake. Ya ce, "Kai ne kyaftin, aika musu umarni mana."

Na je wurin Inna Olwen a kan maganar waya. Alhaji ya ce ko an buga yanzu, mai raƙumi ya riga ya hau da kayan Sallah, ba zai sauko ba sai an watse.

Litinin, 21 ga Yuni

Babbar Sallah. An yi shinkafa da rago. Ban ji ɗanɗano ba.

Asabar, 17 ga Yuli

Takarda daga malamin garinmu, Innarmu ce ta sa shi rubutawa. Tawa ta isa bayan tafiyar Yaya, maƙwabci ya riga ya shiga gonar. Inna ta ce a gaya mini ba ta nuna wa kowa ba, kuma hoton na nan a bango. Da ma zagina ta yi.

Na zagi jirgi, na zagi kwal, na zagi mai kanta. Kawu ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Saura mutum ɗaya."

Juma'a, 6 ga Agusta

Saƙo daga Marsai: gobe Yaya zai sauka a tashar jirgin ƙasa. Alhaji ya yarda ya ba shi aikin kicin da gado, in an sami gurbi. An samu, nawa. Akwai jirgin da zai je Amurka ɗebo kwal ranar Litinin, suna neman mai tura baro a ɗakin wuta, na sa hannu. Ba don komai ba, na gaji da warin albasa ne. Kawu ya ce tafiya ɗaya ba ta fanshi gona. Na ce sai a yi ta biyu. Ya ba ni tsofaffin safar hannunsa, shayin da na kai masa kuma ya shanye ba tare da ya fara ɗanɗanawa ba.

Da kayan jikina zan je tashar, kuma ni zan fara magana kafin ya tambaya.

Duk wanda ya tsinci kundin nan, ba kyaftin ne ya rubuta shi ba. Hizam ɗan Sabit ne, mai firar dankali a gidan Alhaji Sallam, ƙanin Galib, in har gobe ya yarda.