Ƙeranata da Mutanen Gidanmu

Litinin, 8 ga Mayu, 2006

Malama Rakiya, mai koya mana ilimin halittu, ta ba ni reshen ƙerana daga tukunyarta. Kore ne, mai kauri, duk jikinsa ƙaya, babu ganye. Ta ce in ajiye shi a inuwa har bakin yankan ya bushe kafin in dasa, kuma kada fararen ruwansa ya taɓa mini ido. Na rungumo shi cikin kwali a mota har gidanmu a Nyanya. Kwandasta ya ce, "Ke, wannan ma zai biya kujera?" Na ƙara rungume kwalina.

Talata, 16 ga Mayu

Na dasa ta! Tsohon gwangwanin madara, na huda gindinsa, yashi ya fi ƙasa yawa. Na ɗaura leda a hannuwana. Tana bakin tagarmu ta waje. Na ce mata sannu da zuwa, a hankali dai.

Juma'a, 19 ga Mayu

Hadari ya taso, kowa a gidan hayarmu yana fitar da bokiti, ni kuwa na ruga na shigar da ƙerana ɗaki don kada ta jiƙe. Na jiƙe sharkaf. Maman Bose, maƙwabciyarmu mai sayar da lemo, ta bi ni da ido.

Laraba, 24 ga Mayu

Abin dariya, amma ban yi dariya ba. Ashe magana ta zaga gida wai ina da abin tsafi. Wai na kwantar da shi kwana da kwanaki kamar gawa, ba na taɓa shi da hannu, ina ɓoye shi daga ruwan sama, ina yi masa raɗa. Duk gaskiya ne, shi ne abin haushin!

Ɗazu Maman Bose ta tare ni: "Sumayya, don Allah ka ba ni ƙarami, in sa a ƙofar shago. Kasuwa ba ya tafiya." Na sunkuyar da kai na wuce. Wataƙila shirun nan ya ƙara ɓata abin.

Alhamis, 25 ga Mayu

Baba ya dawo daga ma'aikata ya ji. Ya ce ba a yi masa camfi a ƙofa, ranar Asabar ta tsaftar muhalli ƙerana za ta bi shara. Ta fara fitar da ɗan tsiro a kanta, ja-ja. Ko abincin kirki ban ci ba.

Asabar, 27 ga Mayu



Kowa yana tsakar gida da tsintsiya. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki gwangwanin, sai na ji bakina ya ce, "Baba, a bari in yi bayani." Ni! Gaban mutane!

Na ɗan tsaga jikin ƙeranar da reza, fararen ruwan ya fito kamar nono. Na ce wannan yana ƙona fata, yana lalata ido, shi ya sa leda. Na ce tana ajiye ruwa a cikinta kamar raƙumi, in ya yi yawa saiwarta ta ruɓe.

Maman Bose ta riƙe ƙugu. "To, me ya sa kana magana da shi?"

Na ce, "Ita ba ta katse ni."

Gida ya ɗauki dariya. Baba ya juya baya, amma na ga kafaɗarsa tana motsi. Daga baya ya kafa wa ƙeranar katako can sama, inda yara ba za su kai ba. Ya dai tambaya ko rana tana isa wurin.

Alhamis, 1 ga Yuni

Maman Bose har yanzu tana son reshe. Na ce ba ya kawo ciniki. Ta ce, "Na ji, Dokta, ka ba ni dai."

'Yarta Bose ta zo tambayar yadda ake dasawa, muka zarce da hirar makaranta, da malamin lissafinsu mai barci a aji, har aka kira magariba. Umma ta leƙo ta ce surutun wa take ji haka.

Sai yanzu na tuna yau ban duba ƙerana ba. Ba komai. Dama ba ta son a dame ta.