Ranar da Baba Ya Je Gaban Kwamitin Majalisa

Yaya Horia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da matarka Sanda, da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa aikin gonar lemo a Valencia bai fi ƙarfinka ba. Mu nan Caransebeș lafiya lau. Mama ta gama dasa albasarta, ciwon bayanta ya yi sauƙi, Baba kuma ya fara sabawa da sanduna.

Ka san tun da motar Ghiță ta buge Baba a kan kekensa har aka yanke masa ƙafa muke jiran kamfanin inshorar motar ya biya kuɗin ƙafar roba, sai kamfanin ya durƙushe. To, makon jiya kwamitin majalisa da ke binciken lamarin ya gayyaci waɗanda abin ya shafa zuwa babban birni, București. Na ce zan raka Baba a jirgin ƙasa, ya ce a'a, Ghiță ne zai kai shi. Na san ranka zai ɓaci, amma kana nesa, ba ka ga abin da muke gani ba. Duk Asabar bawan Allahn nan sai ya zo ya faskara mana itace, ya zauna ya ci tuwon masara da cuku, Baba yana tsokanarsa wai yanzu jaki ma ya fi shi gudu a titi.

Ni da Mama a talabijin muka kalla. Shugaban masu sa ido kan kamfanonin inshora ya daɗe yana bayani, wai ba su ga alamar matsala da wuri ba. Sai wani ɗan majalisa ya tambayi Baba wa yake ganin laifinsa. Baba ya gyara zama, ya ce wanda ya buge shi bai taɓa fashin biyan inshora ba, kuma shi ne ya goyo shi ya hau da shi matakalar ginin majalisar. Waɗanda aka ɗauka aikin gadin kamfanonin inshorar kuwa sai yau ya fara ganin fuskarsu. Mama ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta.

'Yan kwamitin sun ce asusun gwamnati zai ɗauki nauyin ƙafar. Ba mu sa rai da yawa ba, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Roƙona ɗaya ne, Yaya. Baba ya gayyaci Ghiță cin abincin Ista, kuma kusa da kai ya ce a ajiye masa kujera. Ka rantse ba za ka yafe masa ba, na sani. Amma mai ƙafar ya yafe. Ka zo ka miƙa masa hannu, ko don Baba ya gani.

Ka gaishe min da Sanda, da Tudor, da 'yar auta Ilinca. Gwaggo Veta da Kawu Nelu suna gaishe ku.

Ƙanwarka mai kewarka,
Otilia