Kekunan Da Muka Ɓoye A Bayan Sito

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Kawu, ka karanta shafi na goma sha ɗaya na rahoton nan kafin ka sa masa hannu, ko miƙo maka aka yi ka zana sunanka kawai? Na san ba haka ake buɗe wasiƙa zuwa ga babba ba, da Umma ta gani da ta murɗe min kunne duk da gemuna. To bari in gyara. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da aka ce kujerar ofis ta sa maka. Mu nan muna raye. Umma na kan ɗinkinta, ido ya fara gajiya amma ba ta yarda a faɗa. Yaya Babba ya samu aikin tuƙi, matarsa ta kusa sauka. Ni ina shagon walda. "Lafiya lau" ce dai ba za ka gani a takardar nan ba, don ita ta kai mu inda muke.

Wata biyu ke nan da rufe ɗakin gyara na cibiyar nakasassu. An ce gwamnati ta rage abin da take bayarwa. Motar ɗaukar yara ta tsaya, an sallami malamar kurame, an karɓe mukulli daga hannun Baba Mai Gyara. Ka san ƙanwata Auta tun tana shekara huɗu da takalmin ƙarfe take tafiya, kuma yarinya na girma, ƙarfe ba ya girma. Duk bayan 'yan watanni Baba Mai Gyara kan auna ta, ya ƙara tsawo, ya sauya fatar gwiwa, yana tsokanarta wai ta daina tsayi haka nan ƙarfensa ya kusa ƙarewa. Yanzu takalmin na cin ta a ƙasan gwiwa har ya yi gyambo. Na ɗauke shi na kai shago na ƙara masa da kaina. Walda na sani, ƙafar mutum ban sani ba. Taku uku ta yi ta kife a bakin ƙofa. Sati uku ba ta je makaranta ba, ga jarrabawa ta matso. Budurwa mai shekara goma sha huɗu ta koma rarrafe, sai ta leƙa ta ga ba kowa a tsakar gida sannan ta ja jiki zuwa bayi.

Ka tuna ranar da ka kira Umma ka ce manyan baƙi daga ma'aikatarku za su zo duba cibiya, a yi ƙoƙari kada a ba ka kunya? Ai an yi ƙoƙari. Umma ta tara iyaye mata, kwana uku ana shara da wanke-wanke, har fenti aka shafa. Kekunan guragu goma sha bakwai da suka karye, ni da hannuna na kwashe su na jibge a bayan sito na lulluɓe da tamfol, ina ta jin daɗi wai ina fitar da kawuna kunya. Aka aro masu kyau daga gidaje aka jera. Yaran da ƙarfe ya ji wa rauni aka ce su zauna gida ranar. Auta aka zura mata doguwar riga don ta rufe igiyar da aka ɗaure takalminta da ita. Baƙi suka zo da takardu, suka bi mata ɗaya bayan ɗaya suna tambaya ko akwai matsala. Kowacce ta rusuna ta ce lafiya lau, sun gode Allah, sun gode wa gwamnati. Har tsohuwar nan da ke goyon jikanta ɗan shekara tara don kekensa ya mutu, cewa ta yi ba su rasa komai ba. Haka aka rene mu, ba a tarbar baƙo da kuka.

Ni ban yi boko mai nisa ba, a bencin cibiyar nan na koyi karatu, da tsofaffin jaridun da Baba Mai Gyara ke naɗe kaya da su, ina jiran a gama wa Auta awo. Da wannan karatun na bi rahotonku sau uku, yatsa a kan layi. Shafi na goma sha ɗaya ya ce kayan aiki na cikin kyakkyawan yanayi, ba wanda ya kawo koke, don haka ana iya haɗe cibiyar da ta babban birni. Tafiyar awa biyar, Kawu, ga mai rarrafe. A ƙasa ga sa hannun sakataren kwamiti, na gane shi tun kafin in karanta sunan.

Su baƙin ban riƙe su a zuciya sosai ba, abin da aka nuna musu suka rubuta. Amma kai a cikinmu ka tashi, Umma ce ta goye ka. Ka san abin da "lafiya lau" ke nufi a bakinta, ranar da aka binne mahaifinmu ma haka ta amsa wa masu gaisuwa. Ka san dubawar ta neman inda za a yanke ce. Kalma ɗaya ta isa, ka ce mana mu baje komai a gani. Sai ka ce a share. Har yau Umma kare ka take yi, wai ƙaninta ba zai sani ya yi shiru ba, laifinta ne da ta riƙe tsintsiya. Idan gwamnati na ganin ta yi tsimi, ta zo ta ga inda nauyin ya sauka: a bayan tsohuwar nan, da gwiwar Auta.

Ka gaishe min da Anti, da 'Yan Biyu, da Dogo idan ya zo hutu. Umma da Yaya Babba na gaishe ku. Auta ma ta ce a gaishe ka, ban san dalili ba.

Asabar ta ƙarshen wata iyaye za su taru a ƙofar cibiya. Na yaye tamfol, kekunan nan goma sha bakwai za mu jera su a bakin titi, mun gayyaci 'yan rediyo, kuma wannan karon ba wanda zai yi shara. Kada ka kira Umma ka lallashe ta, kada ka aiko da saƙo ta hannun direba. Ka zo da ƙafarka, tunda kai kana da ita. Ka tsaya gaban mutane ka karanta shafi na goma sha ɗaya da ƙarfi, sannan ka dubi Auta ka faɗa kowa na ji: ka sani, ko ba ka sani ba?

Ɗan yayarka,
mai walda.