Gado Na Huɗu

Zuwa ga Sista,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ciwon gwiwa, ya zaman ritaya?

An ba ni ɗaliban ajin ƙarshe su goma sha biyu, waɗanda za su shiga horon ƙwarewa a fannin haihuwa da lafiyar mata. Sati shida zan yi ina shirya su. Tsohon sito na kusa da ɗakin haihuwa aka share mana. Akwai gado ɗaya da wata 'yar tsana ta roba da suke kira Hajiya, wai ta haihu sau ɗari huɗu ba ta taɓa cewa wash ba. A kan soso suke koyon ɗinki, jininmu kuma ruwa ne da jar kala.

Ranar Talata muka yi darasin zubar jini bayan haihuwa. Na ce ɗaya ta kwanta a matsayin maijego, sai wata mai tabarau ta hau gadon. Ana cikin yi ta juyo ta ce, "Likita, sanyi nake ji, a rufe mini ƙafa." Sista, nan take na tsayar da darasin. Da ta cire tabaran na ga fuskar wata mata da na taɓa sani, har wushiryar. Na je na buɗe fayil ɗinta. A asibitin nan aka haife ta, shekara ashirin da biyar da suka wuce, a watana na farko da fara horo. Mahaifiya: marigayiya.

Kin tuna matar gado na huɗu? Tun ranar Talata, in na zo wanke hannu sai in ga kamar ruwan ya yi ja.

'Yarki.

*

'Yar Likita,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ta fi ni taurin kai. Ki yi haƙuri da rubutun, ido ya tafi.

Na tuna, yaya za a yi in manta? Ƙarfe biyu na rana ne, ana canjin aiki. Mahaifa ta ƙi tsukewa, kina murzawa jini na zuba. Amma ke kullum rabinki kaɗai kike tunawa. Kin ce a kira babban likita, ni na ce a dakata, yana tiyata, kuma kin san halinsa. Ke sabuwa ce, ni shekarata goma sha takwas a ɗakin. Maganata kika bi.

To ga abin da ban gaya miki ba. Yarinyar ta zo gidana bara, da katin awon uwarta a cikin leda, sa hannuna na jiki. Ta zauna a tabarma ta ce in ba ta labari. Na ba ta, ban rage nawa laifin ba. Ta tambaye ni wace likita ce, na faɗa mata. Na tsufa da ɓoye-ɓoye, kabari nake hange.

Saboda haka da saninta ta shigo ajinki. Maganar sanyin da uwarta ta yi ranar ma a bakina ta ji. Ki daina laɓewa a bayan fayil, ki kira ta.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Uwarki a aiki.

*

Sista,

Ina gaisuwa. Da na karanta takardarki na ji haushinki, har na kwana biyu ban iya ɗaukar biro ba. Ya wuce.

Ban yarda ki ɗauke mini kayan ba. Ni ce likita a wurin, wayar tana kan teburi, taku uku tsakanina da ita. Tsoron tsawar babban likita ne ya riƙe ni.

Ranar Alhamis bayan darasi na ce ta tsaya. Sauran suka fita, muka rage daga ni sai ita sai Hajiya a kan gado. Tana naɗe safar hannu ta ce, "Na ɗauka tun satin farko za ki gane ni."

Na ce, "Me ya sa kika yi maganar sanyin?"

Ta ce, "So nake in ga ko kina tunawa. Da kin ci gaba da darasin, da ban dawo ba."

Sai ta tambaye ni ko uwarta ta gan ta. Na ce ta gan ta. Ni na ɗora mata ita a ƙirji, ta ƙirga yatsunta, ta yi dariya ta ce kunnuwan ubanta ta kwaso. Yarinyar ta kai hannu ta taɓa kunnenta.

Ta ce, "Da an kira babban likita da wuri, da ta rayu?"

Na so in ce kwana ne ya ƙare, kamar yadda muka gaya wa danginta. Na ce, "Rai na Allah ne. Amma minti arba'in na yi ban kira ba, kuma a ganina da ta rayu."

Ba ta yi kuka ba. Ta ja zanin gado ta rufe 'yar tsanar har wuya, ta ce sai anjima, ta fita. Jiya ba ta zo ba, yau ma kujerarta babu kowa. Duk ajin babu mai hannunta, Sista. In ta bar fannin nan saboda ni, biyu ke nan na rasa a gida ɗaya.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki.

*

Malama,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rashin zuwana, zan shigo ranar Litinin. Har yanzu ɗinkina yana kwancewa a ƙulli na biyu, ina so ki sake nuna mini.

Na gode da ba ki yi mini ƙarya ba. Maganar yafiya kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. Kakata ce ta raine ni, uwata ce kaɗai 'yarta, kuma har yau abin da aka gaya mata a bakin ɗakin haihuwa ta sani. Ban yanke shawarar ko zan faɗa mata ba. In na yanke, ke za ki raka ni.

Ɗalibarki.