Ƙaiƙayi a Ƙafar Hagu

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya aikin asibiti?

Wani abu ne ya fito mini a bayan ƙafar hagu, faɗinsa kamar murfin kwalba, bakinsa ja, tsakiyarsa na saɓa. Ƙaiƙayi kamar in cire fatar. Na gasa da ruwan gishiri. Na sayi wani man shafawa a shago, ya lafa, sai ya dawo ya fi da faɗi. Tun rasuwar baban yara babu wanda zan miƙa wa ƙafa in ce duba mini. Shi ya sa na dame ki.

Ki huta lafiya.
Yayarki

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Ke da ruwan gishirinki, sai ka ce miya za ki yi da ƙafar!

Yadda kika kwatanta, makero ne. Laima da zafi yake so. Man shagon nan ki jefar, rufe ciwon yake yi. Ga wani na ba direban mota ya kawo miki, ki shafa safe da yamma, ko ya ɓace kada ki daina da wuri. Ki riƙa tsane ƙafar. In ya ƙi, sai asibiti.

Amma ɗauka ake yi, ke kuwa ke kaɗai ce a gidan, ko kyanwa ba ki da ita. Me kike sakawa a ƙafa?

Taki,
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Magani ya iso, Allah ya saka.

Kada ki yi mini dariya. Takalman robar nan na baban yara, na wankin mota, su nake sakawa in zan yi shara, ba safa. Kin tuna kullum yana sosa ƙafa ina masa tsiya. Cikinsu ya lotsa daidai sawunsa. In na taka tsakar gida suna ƙara irin tasa, sai in ji kamar ya dawo daga aiki. Har yanzu suna warin sabulunsa da guminsa. Kayansa duk an raba, su kaɗai ba wanda ya so.

A gaida yara.
Yayarki

Yayata,

Ban yi dariya ba, wallahi.

Ba zan ce ki yar da su ba. Amma sai kin wanke cikinsu da ruwan zafi da bilic na wanki, su bushe ƙayau a rana. In ba haka ba, maganin banza muke yi, har farce zai iya ci. Warin zai tafi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ki yafe mini.

Autarki

Auta,

Sallama. Na wanke. Na shanya su a kan katanga, na zauna kusa da su har inuwa ta rufe mu. Da na shinshina, roba kawai.

Ƙafa tana warkewa. Jiya hannuna ya kai wurin, na tarar babu abin sosawa.

Sai wata rana.
Yayarki