Labulen da Na Rufe Baba da Shi

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Fatakwal. Na rubuto a wannan shafi inda kowa zai karanta, tunda a gaban mutane na ci maka fuska.

Ka tuna ƙyallen da ka zana Baba a kai? Yana tsugune a gonar gyaɗarmu ta hanyar Rogo, riga ta yage a kafaɗa, ga tabon da ƙahon bijimi ya bar masa a kumatu. Sati uku kana bin sa gona da hantsi, wai hasken lokacin kake so.

Ni kuwa na buɗe shagon ɗaukar hoto a Karaye, ina ji da kaina. Ranar kasuwa, shago cike, na ɗaga zanen ina dariya, na ce buroshi ƙarya yake yi, kyamara ce mai gaskiya. Ban tsaya nan ba, sai da na sa ka shafe shi da fenti, ka zana mini bene da mota a kai, ya zama labulen da ake tsayawa a gabansa. Ka yi. Da ka gama, abin da ka ce kawai: "Kai ma zaɓa kake yi, Habu." Daga nan ka tafi zanen manyan motoci, shekara tara ke nan.

A gaban labulen nake ɗaukar Baba duk Sallah. In ara masa babbar rigar shago, in jira haske ya daidaita, in goge tabon a kwamfuta. Ashe aikinmu ɗaya ne, kowa na yanke abin da zai shiga da abin da zai bari a waje. Kai ka zaɓi Baba, ni na zaɓi wani attajiri da ban taɓa sani ba.

Shekaranjiya na ji 'yata Hafsa, wadda aka haifa bayan rasuwar Baba, tana nuna wa ƙawayenta hoton kakanta mai bene. Na ce mata manomi ne, da tabo a kumatu. Ta tambaye ni wane ɓangare. Yaya, ashe na manta. Na zazzage hotunan gaba ɗaya, duk fuskar sumul take. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na sauke labulen na kankare shi da reza a hankali. Yagaggiyar kafaɗar kawai na samo, sauran ya bi fenti.

Ka yafe mini, Yayana. Na sayi sabon ƙyalle, yana nan a naɗe yana jiran ka. In zuwan ya yi maka nauyi, ka aiko mini da kalma ɗaya: dama ko hagu. Kowa a gida zai iya gaya mini, amma daga bakinka nake so in ji.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sanyaya zuciyarka a kaina.

Ƙaninka,
Habu